Yadda ake danƙare gashin tumaki ya maye gurbin fata, soso da roba

Duk wanda ya taɓa riƙe jar dara ta asali, irin wadda ake kawowa daga Tunis, ya riƙe abin da za mu yi magana a kai. Ka juya ta ciki da waje, ba za ka ga zare ko idon saƙa ba, alhali kuwa saƙa ta aka fara yi, ƙatuwa, sakwa-sakwa. Daga nan ake kai ta garin El Battan da ke bakin kogin Medjerda, a jiƙa ta da ruwan zafi da sabulu, a yi ta jibga har ta tsuke, saƙar ta ɓace, ta koma abu guda mai tauri wanda ko almakashi aka sa masa bakinsa ba ya warwarewa.

Ba gam a ciki, ba wani sinadari. Kowane silin ulu yana lulluɓe da 'yan ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani, sun hau kan juna, bakinsu duk yana kallon tsinin gashin. Idan ruwan zafi da sabulu suka taɓa su sai su ɗan buɗe, idan kuma aka motsa gashin sai kowane sili ya riƙa zamewa gefe guda kawai, ba ya iya komawa baya. A haka suke kutsawa cikin juna har su sarƙe, kuma sarƙewar ba ta kwancewa. A kaburburan Pazyryk da ke duwatsun Altai na Siberiya, inda masanin tarihi Sergei Rudenko ya yi tono daga 1947 zuwa 1949, an samo shimfiɗu da kayan doki na danƙararren ulu da suka haura shekara 2,000, yau suna gidan tarihi na Hermitage a birnin St. Petersburg. Ƙanƙara ce ta adana su, gaskiya ne, amma sun nuna tun yaushe mutane suka san aikin. Makiyayan Mongoliya har gobe da shi suke rufe bukkokinsu, 'yan Rasha na yin takalman sanyi da shi ba tare da fata ba, makiyayin Turkiyya kuma yana da alkyabbarsa mai suna kepenek da ke tare masa ruwa da iska.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: samun gashi ya haɗe wuri guda ba wuya, yaro ma zai yi cikin rabin awa. Ƙarko kuwa a matakin ƙarshe yake, wajen murza da duka, daidai lokacin da hannu ya gaji kuma abin ya riga ya yi kyau a ido. Galibin kayan da ke yin tsumma bayan wata biyu a nan aka yi musu ha'inci.

Gashin da zai yi da wanda ba zai yi ba

Tumakinmu na gida, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su ba ulu ba. Silinsu gajere ne, miƙaƙƙe, mai kauri da santsi, ko ka kwana kana murza shi zubewa zai yi. Kada ka ɓata sabulunka. A Afirka ta Yamma tumakin ulu na gaske su ne na Masina a ƙasar Mali, waɗanda masaƙan Fulani ke yin bargon kasa da gashinsu, sai danginsu na Kundum a bakin kogin Kwara wajen Tillaberi. Wanda ba ya kusa da waɗannan yana da hanya biyu: ya sayi shiɓaɓɓen ulu da ake sayarwa da awo don wannan sana'a, ko ya bi ta kasuwar gwanjo, wadda zan zo kanta.

Ana auna kaurin silin ulu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na tumakin Merino, wanda Ostireliya ta yi fice da shi, yana tsakanin 17 da 24. Yana haɗewa da sauri kuma yana da laushi, shi ya sa masu koyo ke son sa, amma idan abin zai sha gogayya sai ya riƙa yin ƙulli-ƙulli a sama. Don jaka, takalmi ko shimfiɗa, ulu mai ɗan kaushi ya fi, daga maikiron 27 zuwa 35, irin na tumakin Corriedale, Gotland, Karakul ko tumakin duwatsun Tirol. Na Suffolk da sauran tumakin nama na Ingila yana da taurin kai, tsalle yake yi maimakon ya kwanta. Sannan duk ulun da aka rubuta cewa ana iya wanke shi a inji ba ya tsukewa, ka bar shi a shago. An riga an goge masa ɓawon da sinadarin kulorin an kuma shafe shi da wata 'yar roba don kada ya yi ainihin abin da kake nema.

A kasuwa kuma kusan duk zaren da ake kira ulu, wanda mata ke saƙa hular jarirai da shi, roba ce. Ka ciri kaɗan ka kai bakin ashana. Ulun gaske yana ƙauri irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta da zarar ka janye, ya bar baƙin gawayi da ke murjewa a yatsa. Na roba kuwa narkewa yake yi, ya ci gaba da ci, ya bar dunƙule mai tauri. Bayan wannan, kafin ka sayi da yawa, ka ɗauki ɗan abin da zai cika tafin hannu, ka jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu ka mulmula minti biyar. In ya zama ƙwallo mai ƙarfi, ka samu. In yana ta rabuwa, ka nemi wani.

Wanki da shiɓa

Wanda ya sayi shiɓaɓɓe ya tsallake nan. Ɗanyen gashi da aka sausaye daga jikin tunkiya yana zuwa da maiƙo da gumi da ƙasa da kashi, wani lokaci bayan wanki sai ka ga kusan rabin nauyinsa ya tafi, saboda haka ka sayi ninkin abin da kake bukata. Ka karɓa daga lafiyayyar dabba kawai. Gashin mushe ko na dabbar da ta faɗi farat ɗaya yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon saifa, wadda ke daɗewa a gashi da fata shekara da shekaru. A ƙarni na 19 ta kashe masu tantance ulu a masana'antun Bradford da ke Ingila har aka riƙa kiranta da sunan sana'arsu. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci lokacin kakkaɓa, ka yi aikin a waje.

Ka tsince ƙaya da ƙarangiya, ka yanke wuraren da kashi ya daskare. Ka tara ruwa mai zafin digiri 55 zuwa 60, zafin da hannu ba zai iya zama a ciki ba, domin maiƙon yana narkewa ne daga wajen digiri 40. Ka zuba sabulun ruwa na wanke-wanke ka gauraya, sannan ka nutsa gashin a hankali ka ƙyale shi minti 15 zuwa 20. Kada ka cuɗa, kada ka juya. A nan ba ka son ya haɗe, kuma zafi da sabulu sun riga sun hallara, motsi kaɗai ya rage. Ka tsame kafin ruwan ya huce, in ba haka ba maiƙon zai koma ya kwanta a kai. Ka maimaita sau biyu ko uku, ka ɗauraye da ruwa mai zafi ɗaya da na wankin, ka shanya a inuwa a kan raga. Bilic narkar da ulu yake yi. Garin sabulu mai cin tabon jini da na abinci shi ma yana cin ulu, don gashi furotin ne. Sabulun salo mai toka da yawa yana sa shi ya yi kaushi ya riƙa karyewa, in za ka yi da shi to kaɗan.

Idan ya bushe sai a buɗe shi. Matan Kirgistan suna baza shi a ƙasa su yi ta bugu da dogayen tsumagu har ya tashi. A Turkiyya da Iran da baka ake yi, irin aikin da kakanninmu mata ke yi wa auduga da bakan shiɓa, kuma in akwai tsohuwar da ta iya a gidanku ka samu malama. In babu, buroshin waya guda biyu masu lallausan haƙori sun isa: ka ɗora gashi kaɗan a ɗaya, ka riƙa taje shi da ɗayan har silin ya miƙe, ba dunƙule ko ɗaya. Duk ɗan curin da ka bari a nan zai fito a matsayin ƙari a jikin kayan.

Lissafi kafin shimfiɗa

Bari mu ɗauki abu guda mu bi shi har ƙarshe: falle mai santimita 40 tsawo da faɗi, kaurin wajen milimita 5. Da shi za ka yanki shimfiɗar cikin takalmi, ko matashin kujera maimakon soso, ko gefen jaka, ko abin sauke tukunya.

Ulu yana tsukewa sosai, kuma tsukewar ita ce ƙarfinsa. Don kaya mai ƙarko ka yi niyyar ya rage kashi ɗaya cikin uku ta kowane gefe. Saboda haka ka ninka awon da kake so sau ɗaya da rabi: 40 ya zama 60. Za ka shimfiɗa santimita 60 tsawo da faɗi, da ulu giram 180. Ka auna a sikeli, kada ka yi da ka. Ka raba shi kashi shida, giram 30 kowanne, ka ajiye su daban-daban.

Sauran kayan aiki duk na gida ne. Asabari, ko tabarma mai ƙarfi da ba ta zuba, wadda ta fi shimfiɗar girma. Tsohon gidan sauro. Leda mai kauri. Guntun bututun roba ko taɓarya da za a naɗe a kai. Sabulun sanda, gora da aka huhhuda murfinta, tsummoki na ɗauri, tsohon tawul. Kirgizawa ma a kan tabarmar karan wata ciyawa da suke kira ciy suke naɗe nasu.

Ka baza asabarin a kan tebur ko daɓe, ka ɗora leda, ka zana murabba'in 60 a kanta. Ka riƙe ulun da hannu ɗaya nesa da bakinsa, da ɗayan ka kama bakin da tafin hannu ka ja a hankali, sai wani siririn tsagi ya biyo ka, shara-shara har kana hango hannunka ta ciki. Ka kwantar da shi. Na biye ya hau kan rabin na farko, haka har layi ya cika, layi na biyu kuma ya hau kan bakin na farko. Duk silin hawa na farko ya kalli gefe guda, ka ce daga gabas zuwa yamma. Hawa na biyu daga kudu zuwa arewa. Na uku ya koma kamar na farko, har shida. Wannan gicciyawar ce ke sa fallen ya tsuke daidai ta ko'ina, ya kuma ƙi yagewa ta kowane gefe. Siraran hawa shida sun fi masu kauri uku nesa ba kusa ba, domin sili ba ya iya ratsa tulin da ya yi masa yawa, sai ka samu waje ya haɗe ciki kuma yana ɓarewa falle-falle.

Bayan kowane hawa biyu ka dafa da tafin hannu ko'ina, idonka a rufe ma ya fi. Hannu yana jin rami inda ido bai gani ba. Ka cike shi nan take. A kashe fanka, a rufe taga, in da hunturu ne a yi a ɗaki, don iska kaɗan ta isa ta kwashe aikin awa guda. Idan ka gama za ka ga tuli mai tsayin kusan taƙi, kada ya ba ka tsoro.

Jiƙawa da naɗi

Ka goga sabulu a ruwan ɗumi har ya yi santsi a yatsa, ba sai ya yi kumfa ba. Kumfa mai yawa tana sa silin ya riƙa iyo yana wuce juna ba tare da ya kama ba. Ka rufa gidan sauro a kan tulin, ka yayyafa ruwan daga tsakiya zuwa baki, ka riƙa dannawa da tafin hannu, dannawa kawai, har iska ta fita ya kwanta. Wurin da ya rage da tudu ko fari-fari bai sha ruwa ba, kuma busasshen wuri ba ya haɗewa har abada. In ka danna ruwa ya taru tsakanin yatsunka, ya yi yawa, ka tsane da tawul.

Sai shafa. Ka sa sabulu a hannu ka riƙa zagayawa a kan ragar, da sauƙi ƙwarai da farko, nauyin hannun kawai. Bayan 'yan mintuna ka ɗaga ragar don kada ta manne, ka mayar. Bakin da ya yi gashi-gashi ka lanƙwasa shi ciki kaɗan ka shafe, ka samu baki mai kauri. Minti goma a fuska ɗaya, ka juya da taimakon ledar, minti goma a ɗayar. Sannan ka tsunkuli saman da yatsa biyu ka ɗaga. In silin ya biyo ka ɗai-ɗai, da saura. In fallen gaba ɗaya ya ɗago, ya yi fata, ka wuce gaba.

Yanzu ka ɗora bututun a bakin asabarin ka naɗe komai tare, tamau, ka ɗaure wuri uku. Ka ɗora damtsenka a kai ka riƙa mirginawa gaba da baya, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, sau 100. Ka kwance, ka miƙe duk inda ya tattare, ka juya fallen kwata guda, ka sake naɗewa. Dalili: ulu yana tsukewa ne ta gefen da ake mirgina shi. In ka bi gefe guda kawai, murabba'inka zai koma dogo. Wannan kuma makami ne a hannunka, duk gefen da ya fi tsawo sai ka ƙara masa naɗi. Ka zagaye gefe huɗu, ka kifa, ka sake zagayewa, kana ƙara nauyi kowane zagaye. Babban falle da ƙafa ake yi, mutum uku ko huɗu a jere suna takawa. A Mongoliya doki ko raƙumi ake ɗaura wa naɗin ya yi ta ja a fili.

Inda ƙarkon yake

Ka auna. Wataƙila ka tarar da santimita 52 ko 50. Ya yi sumul, ya yi kyau, ana iya ɗaga shi da hannu ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke ɗauraya su ɗauki hoto. Amma ka kama gefe biyu ka ja, za ka ga ya miƙe bai koma ba. Wannan in aka yi jaka da shi, mako biyu gindinta zai zazzago.

Ka ajiye asabari da raga. Ka matse ruwan da ya huce, ka zuba mai zafi iyakar abin da hannunka zai jure, ka ƙara sabulu kaɗan. Ka dunƙule fallen ka riƙa cuɗa shi da nauyin jikinka, ka buɗe, ka sake dunƙulewa ta wata fuskar. Ka naɗe shi a kan kansa ba bututu ka murza a kan abu mai gargada. Ka ɗaga ka maka shi da daɓe, sau 30, sau 50, kana sauya gefen da ke sauka. Da ya huce ka ƙara ruwan zafi, don ulun da ya yi sanyi ba ya motsi. Masu wannan sana'a a Turkiyya cikin gidan wanka mai tururi suke kai shi saboda wannan dalili, su yi ta dannawa da ƙirji da gwiwa. Ga falle mai kauri, ka ninke shi a kan gungumen ice ka bi shi da mabugi irin na masu bugun shadda, kana juyawa. Lokaci-lokaci ka shimfiɗa ka ja kusurwoyi su daidaita, ka auna.

Za ka ji sauyin a hannu kafin ka gan shi. Abin da ke da laɓo-laɓo sai ya fara turjewa, samansa ya yi 'yan ƙurji-ƙurji, kaurinsa ya ƙaru yayin da faɗinsa ke raguwa. Alamun gamawa uku ne. Ya kai 40 ko kusa, kuma ƙarin duka ba ya rage shi. In ka ja ba ya miƙewa. In ka matsa bakinsa tsakanin babban yatsa da manuni ba ka jin yatsun suna neman haɗuwa. Ka yanki ɗan gefe ka duba cikin: in kana iya ƙirga hawa-hawan da ka shimfiɗa, ko farce na iya raba su, ka koma bakin aiki. Wannan mataki shi kaɗai yana iya cin lokacin da duk na baya suka ci a haɗe. A ganina wanda ba zai iya ba shi wannan lokacin ba gara ya rage girman abin da yake yi, ya fi ya rage dukan.

Ka ɗauraye har ruwa ya fita garau. Sabulun da ya kwana a ciki yana cin silin a hankali. A ruwan ƙarshe ka zuba ruwan khal cokali biyu cikin lita biyar, ka bar shi minti goma. Ka naɗe a tawul ka taka, kada ka murɗe. Ka daidaita siffarsa tun yana da danshi, domin yadda ya bushe haka zai zauna. Ka shanya a kwance a inuwa, in ya kusa bushewa ka bi shi da dutsen guga ta kan jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ta hanyar gwanjo

Ga mafi yawanmu wannan ce hanya mai sauƙi, kuma ita ce hanyar jar dara: a fara da saƙaƙƙe, a tsuke shi. A dilolin rigunan sanyi, irin na Kofar Wambai a Kano, ana samun suwaita ta ulu zalla, kuma bayan sanyi ya wuce araha take. Ka duba takardar wuya, ka nemi kashi 100, ko aƙalla 80, na wool, wato ulu da Turanci, ko laine in daga ƙasar masu Faransanci ta fito. Mai huji ko tabo ma ta yi, tunda yanka za a yi. Ka ciri zare daga cikin ɗinki ka gwada da ashana.

Ka cire maɓallai, ka farke hannuwa da gefe ta zama falle-falle. Ka jiƙa a ruwan zafi da sabulu ka cuɗa da ƙarfi, ka tsoma a ruwan sanyi, ka mayar a na zafi, ka ci gaba. Dafawa a tukunya kaɗai ba ta yi, sai da motsi. Mai injin wanki ya sa a digiri 60 tare da tsohon wandon jins, ya maimaita sau biyu ko uku. An gama idan idon saƙar ya ɓace kuma ka yanka bai warware ba. Rigar babban mutum takan koma ta ɗan shekara shida. Falle ɗaya ba shi da kauri sosai, amma biyu ko uku da aka haɗa da ɗinki suna yin abin mamaki.

Takalmi ko jaka ba ɗinki

Ka taka takarda ka zana ƙafarka, ka faɗaɗa zanen sau ɗaya da rabi, ka yanke shi a leda mai kauri. Ka shimfiɗa hawa biyu a kan ledar su zarce bakinta da yatsa biyu, ka jiƙa, ka kifa, ka lanƙwaso abin da ya zarce, ka shimfiɗa hawa biyu a wannan fuskar. Haka za ka yi ta yi har ledar ta ɓace cikin hawa shida ta kowace fuska. Ledar ce ke hana sama da ƙasa haɗewa. Giram 150 zuwa 200 na isar takalman babba, ƙafa biyu, ka ƙara hawa a dunduniya da yatsu. Ka kula da baki sosai, in ulun ya zame daga bakin ledar zai haɗe da kansa ya bar tudu da ba ya gyaruwa. Idan ya fara tsukewa har ledar ta takure a ciki, ka yanka ƙaramar kafa, ƙarama fiye da yadda kake zato don tana buɗewa, ka zaro ledar, ka murje bakin yankan da sabulu. Murzar ƙarshe a ƙafarka za ka yi ta, ka sa leda a ƙafa ka zura, ka yi ta shafa har ya kama ta.

Ƙara masa ƙarfi, da inda bai kamata a kai shi ba

Abin da ya fi kowane gam shi ne ɗinki. Shimfiɗar Kirgizawa mai suna shirdak, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun da ke bukatar ceto a 2012 tare da ala-kiyiz, falle biyu ce, na ado a sama da na kauri a ƙasa, an bi su da ɗinki layi-layi kusa da juna. Ala-kiyiz ba ɗinki, zanen a cikin murza ake kafa shi, kuma shirdak ta fi ta daɗewa sosai, tana shekaru gommai ana takawa. Ka yi koyi da wannan: layin ɗinki kowane santimita ɗaya zuwa biyu, da zare mai ƙarfi da basilla ko keken masu jaka.

In kana son abu ya tsaya da kansa, kamar tire ko bakin hula, masu huluna suna amfani da shalak, wanda kafintoci ke narkawa a sifirit su goge katako. Ka tsinka shi sosai, ka shafa ta ciki, ka bar shi ya bushe a kan siffar, nesa da wuta. Farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa shi ma yana yi. Ƙaro yana sa tauri amma da ya ji ruwa ya saki. Wani kamfani a Ingila mai suna Solidwool yana haɗa kaushin ulun tumakin Herdwick da gam mai daskarewa yana yin kujeru, wani kuma mai suna Woolcool yana yin rufin kwalin abinci da magani da ulu maimakon farin soso. Na biyun shi ya fi kusa da bukatarmu, domin abin da ke tare sanyi shi ke tare zafi. Riga mai kaurin santimita ɗaya da aka ɗinka wa kula ko gorar ruwan sanyi tana ƙara mata awanni. Ulu kuma ba ya kama wuta sai zafi ya kusa digiri 600, ba ya narkewa ya manne a fata, shi ya sa ya fi soso a kusa da murhu.

Amma ba fata ba ne ta kowace fuska. A ƙasan takalmi, kan tsakuwa da kwalta, cinyewa yake yi, sai ka kai wa baduku ya ɗinka masa fata ko taya. Hannun jaka yana miƙewa, ka sa ɗamara a ciki ko ka yi shi da fata. Yayyafi yana gangarewa a kansa, kuma yana iya shan danshi har wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji ya jiƙe ba, amma ruwan Agusta zai ratsa shi. Narkakken kakin zuma da aka shafa a waje aka bi da ɗumi yana taimakawa, sai dai yana sauya launi yana kuma kama ƙura.

Babban abokin gabarsa asu ne. Tsutsar ce ke ci ba mai fiffiken ba, kuma ta fi son duhu da wurin da gumi ko maiƙo ya taɓa. Kayan da ake amfani da shi kullum ba ta cika samun sa ba, na cikin akwati take yi wa ɓarna. Kafin ajiya ka kakkaɓe, ka wanke da ruwan sanyi ba cuɗa, ka tabbata ya bushe ƙarau, ka ɗaure a leda ko buhu mai matsattsiyar saƙa. Busasshen ganyen darbejiya yana ɗan kore ta amma ba ya kashe wadda ta riga ta shiga. In ka ga 'yan huji da wani abu mai kama da yana, ka ƙulle kayan a leda ka sa a firiza mai daskarewa sosai har mako biyu, in wuta ba ta tsayawa kuma ka bi shi da guga mai tururi ciki da waje, ka baza a rana, ka goge da buroshi. Hujin da ta bari ana cike shi: ka cusa ɗan shiɓaɓɓen ulu a ramin, ka ɗiga ruwan zafi da sabulu, ka murza da yatsa ta fuska biyu, sannan ka bi wurin da 'yan layukan ɗinki don facin ya zauna.